Sabulun ƙamshi: daga tsakar gidana a Garwa zuwa kasuwar Pitowa

Duk matar da ta tsaya gaban tirena a kasuwar Pitowa, kusa da Garwa, ranar Lahadi, abu ɗaya take fara yi: ta ɗauki sabulu ta kai hanci. Ba ta tambayar da wane mai aka yi shi, balle nauyinsa. In ƙamshin ya yi mata sai ta tambayi kuɗi, galibi da Fillanci, don shi ne harshen ciniki a nan arewacin Kamaru. Ko Bahaushiya ce, sai ciniki ya ɗan yi nisa kafin mu gane juna mu juya Hausa. Ganin haka ya sa da farko hankalina duka ya tafi kan turare. Da tafiya ta yi tafiya na gane iyakar aikin turare ya sa a saya karon farko. Abin da ke sa mace ta ratso rumfuna wani makon tana neman inda na shimfiɗa kaya shi ne yadda fatarta ta kwana bayan wanka, wannan kuwa tun a kan sikeli ake samunsa ko a rasa shi.

Sabulu ba baƙo ba ne a gidanmu. Gwaggona, Allah ya jiƙanta, na toka take yi. Ta ƙone karan dawa, ta zuba tokar a tsohuwar tukunya mai huji, ta riƙa bin ta da ruwa yana tsiyaya a ƙwarya, sannan ta dafa ruwan da man kaɗe ko kitse har ya haɗe. Baƙi yake fitowa, mai laushi, da hannu ake dunƙula shi. Ita ba ta auna komai, kuma hakan ya yi mata, domin tana bakin murhu tana gyarawa: ya yi kaifi ta ƙara mai, ya yi maiƙo ta ƙara ruwan toka. Nawa da soda ake yinsa, wadda masu shaguna a nan ke kira sud kostik. Ba a dafa shi, kuma shi ne ke yin taurin da za a yanka a jera. Amma da zarar an juye shi a akwati, magana ta ƙare, babu sauran gyara. A ƙungiyar matan unguwarmu na fara koyo, sauran kuma hannu ya koya mini.

Don haka 'yar'uwa, in kina son shiga sana'ar nan, ki sayi ƙaramin sikeli mai batir, mai nuna giram, kafin ki sayi ko kwalba ɗaya ta turare. Mata da yawa da gwangwani suke awo, kwalba kaza ta mai, gwangwani kaza na soda. Alhali lita ɗaya ta mai ba ta kai kilo ba, giram 900 ce da 'yan kai, kuma kowane mai da yawan sodar da yake ci. Kilo na manja yana cin wajen giram 141. Man kaɗe bai kai nan ba, wajen 128. Alayyadi, man ƙwarar kwakwar manja, yana kai wa wajen 175. To wadda ta saba da awon manja, ran da ya yi tsada ta maye gurbinsa da man kaɗe ba tare da ta rage soda ba, sodar da ta yi saura ba ta da inda za ta je, tana nan cikin sabulun har ta sadu da fatar mai wanka. Daga nan ake samun wanda ke sa ƙaiƙayi, jiki ya yi furu-furu, sai ki ji ana cewa ai sabulun gida haka yake. Wallahi ba haka yake ba. Maganar tana yi mini ciwo, domin sabulu ɗaya mai cin fata, dukanmu masu yi a gida yake ɓata wa suna.

Haɗin da na tsaya a kai, a kowane kilo na mai: manja giram 400, alayyadi 250, man kaɗe 200, man angurya 150. Lissafinsu yana ba da soda giram 147, sai in rage kashi 5 cikin 100 in zuba 140, don a bar ɗan man da soda ba ta cinye ba, shi ne ke hana fata bushewa. Ruwa kuwa ninkin soda biyu. Manja ke ba da tauri, alayyadi kumfa, man kaɗe laushi. Man angurya shi ne namu na gida, wanda kamfanin Sodecoton ke tatsa a nan Garwa da Marwa, wato Diamaor ɗin da muke girki da shi. Yana da kyau a sabulu, sai dai ba na wuce wannan awon, don in ya yi yawa, a zafin garin nan ba a jimawa ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa zai fito wa sabulun, ya fara warin tsohon mai.

Manja da alayyadi daga kudancin ƙasar ake hauro da su, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, shi ya sa farashinsu ba ya zama wuri ɗaya. Jan manja sai an ɗora shi a wuta a fili har jan ya fita, in ana son sabulu mai haske. Man kaɗe kuwa wajen matan ƙauye nake saye, kuma sai na sansana. Wanda hayaƙi ya kama shi sosai ba na ɗauka komai arharsa, don warin yana danne turare. In na kawo gida sai in narkar da shi in tace da ƙyalle mai tsabta.

Soda ba abar wasa ba ce. Ita ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa. In aka zuba ruwa a kanta tana iya tafasowa ta fantsamo fuska. Ruwan yana ɗaukar zafi nan take, yana fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, don haka a tsakar gida nake haɗawa, da safar hannu ta roba da tabarau. Bokitin roba mai kauri nake amfani da shi da muciyar da ba ta komawa madafa. Tukwanen alminiyam ɗin nan da maƙera ke zubawa, kada su kusanci aikin: soda tana cin su, tana kuma tayar da wata iska mai kama wuta. In ta taɓa fata, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na tsawon lokaci, in ido ne kuma a wanke a nufi asibiti. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Ruwan soda da ruwan sha ba su da bambanci a ido, ƙwayarta kuma yaro zai ɗauka sukari ne. Yaron da ya kurɓa, maƙoshinsa na iya ƙonewa ya tsuke har abinci ya kasa wucewa. Tawa a kulle take cikin akwatin ƙarfe, ba na taɓa zuba ruwanta a gorar ruwan sha, kuma ranar haɗi yara suna makaranta ko gidan maƙwabta.

In ruwan soda da man sun huce sun zama ɗumi-ɗumi, sai a haɗa a yi ta juyawa. Hannu zai gaji. Can sai ki ga ya daina sheƙin mai, ya yi kaurin kunun gyaɗa, in kin ɗaga muciya kin ɗiga a kai sai layin ya ɗan tsaya kafin ya nutse. To ya kama. A wannan ɗan tsakanin ake zuba turare, a juya da sauri, a juye a akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda.

Turare ya fi komai cin kuɗi, shi ne kuma mai halin da ba a sani ba sai an gwada. Matan nan ba abin da suke so irin ƙamshin humra, irin wadda ake kawowa daga Chadi ta Kusiri. Kullum sai an ce mini, "Hajiya, ki yi mana mai humra mana." Humra kuwa ba ta shiga sabulu kai tsaye, saboda ana haɗa ta da turarukan fesawa masu alkohol, shi kuma da ya taɓa haɗin sai ya sandare a bokiti ya yi gudaji tun ba a kai ga akwati ba. Abin da nake yi shi ne in nemo ƙamshin da ke cikinta a turaren mai zalla, sandal da miski da ɗan udu, in haɗa nawa. Giram 30 a kilo na mai ya isa. Duk sabuwar kwalbar da na sayo, ko mai shagon ya rantse irin ta da ce, sai na gwada ta a ɗan kofi tukuna, in ajiye in ga yadda za ta kasance bayan wata guda. Ƙamshin lemo yana da daɗi ranar haɗi, amma kafin sabulu ya isa sayarwa ya gudu. Na tsabre yana daɗewa. Kanumfari da kirfa suna sa haɗi ya kama da gaggawa, kuma in sun yi yawa suna yi wa fata zafi. Turaruka masu zaƙi-zaƙi irin na alewa sukan mayar da farin sabulu ruwan ƙasa.

Launi ma haka. Zoɓo, duk jansa, da ya haɗu da soda ya mutu ya koma wani dishi-dishi. Kurkum yana ba da ruwan goro mai kyau, garin gawayi baƙi, zogale kore amma yana koɗewa.

Akwai masu yin sabulu ba turare a ciki, ranar kasuwa su shafe bayansa da shi. Wanka ɗaya ƙamshin ya tafi. Wannan ha'inci ne, kuma mai saye ba ta mantuwa.

Yanayin Garwa shi ma sai an bi shi. A watannin Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, sabulu kuma da kansa yana tayar da zafi a cikin akwati. In aka lulluɓe shi da bargo kamar yadda ake koyarwa, sai ya kumbura ya tsage ta tsakiya. A wannan lokacin bayan sallar asuba nake haɗi, in ajiye akwatin a buɗe a ɗakin da ya fi sanyi. Hunturu ya fi kowane lokaci daɗin aiki, yana bushewa da kyau, ƙura kawai za a kare da mayafi mara nauyi. Da damina kuwa sai ya riƙa zufa, saboda gilisarin da ke cikinsa yana jan laima. Kamfanoni sukan cire wannan gilisarin su sayar daban, namu yana nan ciki, yana daga cikin abin da ke sa shi laushi a jiki.

Bayan kwana ɗaya ko biyu ake fitar da shi a yanka. Kilo na mai yana ba ni guda 13 masu giram 100. Daga nan sai jira, mako 4 zuwa 6 yana shan iska a kan katako, ba ya taɓa juna, ana juya shi. Nan mata da yawa ke karyewa, don jari yana kwance, ga zubin adashi ya zo. Sai a kwashi ɗanye a kai kasuwa, ya narke a kwandon wanka cikin 'yan kwanaki. Ni da na ɗauki adashina na farko, rarraba haɗin na yi, kowane mako kaɗan, ta yadda kullum akwai wanda ya isa fita da wanda ke jira. Kowane haɗi yana cikin littafina: ranarsa, awonsa, turarensa, da abin da na kashe har kuɗin mai babur da tikitin kasuwa.

Ba na gasa da sabulun kamfani irin su Azur da ake kawowa daga Duwala. Na wanki ne, kuma ba zan iya karya farashinsa ba. Nawa na wanka ne. Nakan yanka ƙanana don mai ɗan canji a bakin zane ta gwada, in ajiye buta da ɗan guntu a gefe, mace ta wanke hannu ta ji da kanta. Guda ɗaya nake buɗewa na sansanawa, sauran suna naɗe a inuwar lema, don rana tana kwashe ƙamshi. Da takarda nake naɗewa, tunda an hana siririyar leda a Kamaru tun 2014, in rubuta ranar haɗi da mayukan da ke ciki. Ciniki ya fi tashi gab da salla da kuma lokacin da manoma suka karɓi kuɗin auduga.

Tambayar da ta fi yawa, musamman daga 'yanmata, ita ce ko yana sa fari. Wata ta taɓa matsowa ta rage murya ta ce, "Inna, ki ɗan sa mini abin nan a nawa, zan ƙara kuɗi." Na ce, "Ɗiyata, sabuluna wanke jiki yake yi, ba ya canza halitta. Fatar nan taki ba abin da ya same ta." Ta yi dariya ta sayi ƙarami. Na san da na yarda da cinikina ya ninka, amma na ga abin da mayukan sa fari ke yi wa fuskokin mata, kuma a 2022 ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta hana kayan shafa masu sinadaran sauya launin fata. Haka sabulu mai man darbejiya, ana sayensa sosai saboda ƙuraje, amma ba na ce wa kowa magani ne. Wadda ciwon fatarta ya daɗe, asibiti nake tura ta.

Yanzu rabin aikina na biki ne da suna, a sa a lefe ko a raba wa 'yan buki, ana aiko saƙo ta WhatsApp a biya ta Orange Money. Sharaɗina ɗaya ne, a sanar da ni tun da sauran wata biyu. Wadda ta zo ana saura mako guda, sai dai ta zaɓa cikin wanda ya riga ya sha iska, ko da ba shi ne ƙamshin da ta so ba.