Abin da Wasiƙun Manyan Gidajen Ingila Suka Koya Mini

Duk ɗalibin tarihin da ya zauna ya karanta wasiƙun manyan gidajen Ingila na ƙarni na 18, zamanin sarakuna masu suna George, zai tarar da labarin haihuwa da na aure da na ƙuri'ar majalisa a cakuɗe a shafi guda. Darasin da ya fi zauna mini shi ne kada mai bincike ya tsallake zancen gida yana gaggawar isa ga siyasa, domin a cikin zancen gidan ake ƙulla ta.

Gidan Lennox ne ya fara nuna mini haka. A 1744 Caroline Lennox ta auri ɗan siyasa Henry Fox a asirce, ba da yardar iyayenta ba, kuma wannan aure ne ya haifar da Charles James Fox, wanda shi ma ya zama babban ɗan siyasa. Daga baya Sarki George na Uku ya nuna yana son ƙanwarta Sarah, abin da zai kusanto da Henry Fox ga gadon sarauta da ya tabbata, amma a 1761 sarkin ya auro Charlotte daga Jamus, aka kuma sanya Sarah cikin 'yan rakiyar amarya.

Rikicin Disamba 1783 ya ƙara fito da lamarin fili. Ƙudurin Charles Fox kan sake tsarin Kamfanin Gabashin Indiya, wato kamfanin Ingila da ke kasuwanci da mulki a Indiya, ya samu amincewar majalisar wakilai, sai sarki, wanda dama yana zargin Fox da lalata masa ɗansa yarima mai jiran gado, ya ba Lord Temple izinin shaida wa 'yan majalisar dattawa cewa duk wanda ya goyi bayan ƙudurin maƙiyin sarki ne. Ƙudurin ya faɗi, aka sauke gwamnatin da Fox yake ciki, aka naɗa William Pitt firaminista yana da shekara 24. Temple kuwa ɗan kawun Pitt ne, kuma wanda bai san wannan zumunci ba rabin labarin kawai ya karanta.

Shi ya sa yanzu, kafin in karɓi maganar kowace wasiƙa, sai na fara zana salsalar mai rubutun da ta wanda aka rubuta wa. Matar da ke ba 'yar uwarta labarin fada tana da miji ko ɗa mai neman muƙami, kuma hukuncinta a kan sarki da ministocinsa yakan karkata ne ga inda rabon gidanta yake.