Ranar da sifirin ɗin Pobeda ya yi tsalle

Asabar.

Abin da na fara dubawa da na farka shi ne agogon Seiko 5 ɗin nan da na saya makonni biyu da suka wuce. Jiya da dare na saita shi da agogon waya, yau da safe ya riga ya yi gaba da minti huɗu. Gabana ya faɗi, don na ɗauka na sayi wahala. Injinsa 7009 ne, irin wanda ba a wana shi da hannu, motsin tsintsiyar hannu ne ke ba shi ƙarfi. Lambar da ke marfin baya ta fara da 4 sai 3, wato watan Maris na shekarar da ta ƙare da 4. Ko 1984 ko 1994, tunda lambar farkon nan duk shekara goma take zagayowa. Ni dai na fi son 1984.

Na kira dattijon da ke ɗora ni a kan hanya, wanda ya yi shekaru yana gyaran agogo kafin idonsa ya yi rauni. Ko gama bayani ban yi ba ya ce, “Yaro, a ina kake ajiye shi da dare?” Na ce, “Baba, a kan sifikar rediyo.” Dariya ya yi har da tari. Ya ce in kawo kamfas in matso da agogon kusa. Ina matsowa allurar ta karkace kamar an ja ta da zare. Ashe maganaɗisun sifikar ne ya kama siririn sifirin nan mai kama da gashi, wanda ke sa zoben balans kai da komowa. Da zarar naɗe-naɗensa sun manne da juna, kamar ya gajarta ne, sai bugun ya ƙara sauri. Na ɗora shi a kan ’yar na’urar cire maganaɗisu, na danna, na janye shi a hankali zuwa nesa. Sau biyu na yi. Manhajar da ke sauraron bugun agogo a waya ta nuna ya koma kan bugunsa shida a sakan, 21,600 a awa, layin ya miƙe sambal.

Da na tsaya a nan da yau ta yi kyau. Amma nasara ɗaya ta hau min kai, hannu ya fara ƙaiƙayi.

Da yamma na ɗauko agogon Pobeda ɗin da ya daɗe a aljihun tebur, na Tarayyar Sobiyet, mai duwatsu 15. An fara ƙera irinsu a 1946, sunan ma nasara yake nufi da Rashanci. Ba zinariya ba, ba wani suna ba, amma ƙarar bugunsa biyar a sakan tana burge ni fiye da ta kowane agogon batir. Matsalarsa in an wana shi sai ya yi awa uku ya tsaya. Da na buɗe marfin na sa gilashin ido, sai ga tsohon mai ya bushe a ramukan duwatsun, ya yi ja-ja kamar ƙaro. (Duwatsun nan da nake ɗauka masu tsada ne, yaƙutu ne da ake haɗawa a masana’anta, aikinsu kawai rage gogayya.)

Baba ya sha gaya min a fara sauke ƙarfin babban sifirin, wanda wani ke naɗewa yana tafiyar da agogo, kafin a taɓa komai. Wannan na yi daidai: na riƙe kan wanin, na kawar da ’yar makamar da ke hana shi warwarewa, na bar shi yana zamewa tsakanin yatsuna har ya mutu. Sai na kwance sukurun makamar. Ban san akwai wata ’yar waya lanƙwasasshiya, wato sifirin makamar, a ƙarƙashinta ba. Ina ɗagawa da matsefata na ji “tis”, shi ke nan. Ban ga ta inda ta bi ba.

Awa ɗaya da rabi ina rarrafe da tocila. Na kakkaɓe riga, na duba cikin takalmi, na tsefe gefen darduma. Can na tuna akwai maganaɗisu a jikin ƙofar firiji, na naɗe shi a farin ƙyalle na riƙa share ƙasa. Ga ta nan ta maƙale, tare da allura biyu da wani sukuru da ban san na mene ne ba. Wato abin da na kora da safe shi na gayyato da yamma, don yanzu ita ma sai na ɗora ta a kan na’urar kafin ta koma ciki.

Na sake kiran Baba. Ya ce, “Ai da ka yi aikin a cikin farar leda, ko ta yi tsalle ba ta da wurin zuwa.” Na ce, “Baba, ai ba ku faɗa min ba.” Ya ce ban tambaya ba.

Ban mayar da ita yau ba, hannuna rawa yake. Tana cikin ’yar kwalba, na rufe, na rubuta sunanta a jiki. Seiko kuma yana kan littafi, nesa da rediyo. Ƙarfe 11:20 na saita shi.