Daidaita kunamar bindigar ƙyastu

Tun da na zauna a jihar Pennsylvania ta Amurka nake sha'awar dogayen bindigogin da maƙera 'yan asalin Jamus suka riƙa ƙerawa a yankin Lancaster tun shekarun 1700. Ta baki ake ɗura musu albarushi, dutsen ƙyastu ke ba su wuta, kamar bindigar tokar maharbanmu. Har yau jihar na da lokacin farautar barewa na musamman bayan Kirsimeti, wanda ba a harbi sai da irinsu. Da na tashi haɗa tawa, babu abin da ya ci mini lokaci kamar kunama.

A cikin makullin, wato ƙarafan da ke ba bindiga wuta, akwai wani ɗan ƙarfe, mariƙi, mai riƙe guduma (hannun da ke ɗauke da dutsen ƙyastu) idan an ɗana ta. Bakinsa na shiga tsagi biyu, na rabin ɗani da na cikakken ɗani, jelarsa kuma ta miƙe cikin katako. Aikin kunama kawai ta ɗaga jelar nan. Wurin da aka huda ramin fil ɗin da kunama ke juyawa a kai shi ne komai. Na sa nawa sama, kusa da jelar, sai jan ya yi laushi. In ya yi nisa, sai yatsa ya yi ta kokawa, bakin bindiga ya kauce.

Sauran aikin na haƙuri ne. Na shafa baƙin hayaƙin fitila a saman kunamar, na ɗaura makulli, na kwance, na duba inda baƙin ya goge. Nan na bi da magagari, shafa biyu ko uku, na sake ɗaurawa. Kunamar nake ci, ban taɓa bakin mariƙin ko tsagin ba, domin an gasa su sun yi tauri, kuma kusurwarsu ce ke hana bindiga tashi da kanta. Wanda ke goge wurin don neman laushi, a ganina, wasa yake da ran mutane.

Na bar wa kunamar ɗan sarari, tana motsi kaɗan kafin ta taɓa jelar, a kowane matsayi na guduma. Katakon mapul, icen jikin bindigar, kan kumbura da damina, kuma in babu sararin nan mariƙin ba zai zauna sosai cikin tsagi ba.

Kafin albarushi ya kusanci bindigar, na ɗana ta rabi na ja kunama, ba ta saki ba. Na ɗana ta cikakke, na tura guduma da babban yatsa, na buga gindin bindigar a ƙasa, ta tsaya daram.