Mun je ƙirgar tsuntsaye a Ennedi

Jiya muka shigo Injamina, har yanzu yashi nake kakkaɓewa a kunne. Yayana ne ya ja ni, wai in riƙe masa littafi shi kuma yana ƙirga tsuntsayen kwarin duwatsun Ennedi, can arewa maso gabashin Chadi. Ni da na tashi bakin kogin Shari inda belbela da shamuwa ba wanda ke kallonsu, dariya na yi da farko.

Hanyar Abeche zuwa Kalait ba abin faɗa sai zafi da tsadar mai. Amma a wani shinge wani jandarma ya ga madubin hangen nesa a wuyan yaya, nan take ya ce leƙen asiri muka zo, ya juya takardunmu sama da ƙasa kusan awa guda ko sannu babu, da yaya ya ce tsuntsaye muke nema sai ya ce to a Injamina an cinye su ne?

Kwarin Archei kam sai wanda ya gani. Duwatsu ja sun tsaya dama da hagu, ruwa baƙi ƙirin saboda kashin raƙuma, kuma a cikin wannan ruwan kada ke zaune, tsakiyar sahara fa! Guda ɗaya muka hango daga saman dutse, ɗan ƙarami, bai kai na kogi ba. Da asuba muke fita, mu bi kwarin a ƙafa, yaya na kiran suna ina rubutawa, har goruba da ƙaya da aduwa sai mun lissafa da inda akuya suka cinye tsiro. Wasu tsuntsaye kalar yashi masu kama da kurciya suna sauka sha garke-garke, yaya ya ce namijin jiƙa gashin cikinsa yake ya kai wa 'ya'yansa ruwa. Tsattsewa ma mun gani, wai daga Turai ta ƙetaro.

Wani dattijo ɗan ƙabilar Gorane ya sauke mu, nonon raƙumi da dabino da shayi har zagaye uku. Na miƙa masa jaka biyu ya ture hannuna yana ɓata rai, na ce yi haƙuri baba. A gida ko ruwan sanyi sai ka biya.

Garin Fada kwana ɗaya muka yi. Tafkunan Ounianga ba mu kai ba, mai ya ƙare, kuɗi ma haka.