Gyaran da aka yanke farashinsa tun kafin rufi ya fara yoyo

Aikina awo ne da lissafin kayan gini a ƙarƙashin wani ɗan kwangila a Agege, kuma mafi yawan abin da ke zuwa hannunmu gyara ne: rufin aji, bangon asibitin sha-ka-tafi da ya tsage, kwalbatin da ya rufta, banɗakin kasuwa. Duk nauyi ne da ke wuyan ƙananan hukumomi, waɗanda a Legas akwai 20 da tsarin mulki ya san da su, da wasu 37 da jihar ta ƙirƙiro a 2003.

Abin da aikin nan ya fara nuna mini shi ne, hanyar ba da kwangilar sabon gini ba ta dace da gyara ba. Dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007 da ta jihar Legas sun tanadi a tallata aiki a yi gasa, kuma ina goyon bayan hakan. Amma idan iska ta yaye kwano uku a watan Afrilu, kafin a rubuta, a kimanta, a tara 'yan kwangila, fayil ya gama zagaya ofisoshi, ruwan Yuni da Yuli ya riga ya sauka. Na shiga wani aji a wata firamare na tarar silin ya kumbura ya yi baƙi, katakon ya ruɓe har yatsa na shigewa, malamar ta tattara yara gefe guda ta jera bokitai a tsakiyar ɗaki. Aikin da kafinta zai gama a wuni ɗaya ya koma sauya rufi gaba ɗaya.

Wata hanyar kuwa na gan ta ne lokacin da maigidana ya samu aiki da wata ƙungiya mai makarantu da yawa. Tsari ne da sojojin Amurka suka fara amfani da shi a shekarun 1980, daga baya birane da makarantun can suka ɗauka. Ana rubuta littafin farashi tun farko: murabba'in mita na fenti kaza, na yaɓe kaza, sauya kwano ɗaya kaza, haɗe da kuɗin hannu. Sau ɗaya 'yan kwangila ke gasa, kowa ya faɗi abin da zai ɗora a kan littafin ko ya rage. Wanda ya ce 1.10 yana nufin ƙarin kashi 10 cikin ɗari. Wanda ya ci sai ya riƙe aikin na shekara ko fiye, da iyakar kuɗin da ba za a haura ba. Ran da wani abu ya lalace, a auna, a duba littafi, a ba da takardar aiki.

Ni a ganina ƙarfin tsarin yana wurin awon. Mu da injiniyan waɗanda suka ba da aikin muke zuwa tare, da tef a hannu, mu hau tsani mu leƙa cikin silin, a rubuta a sa hannu a nan take. Babu ciniki, don an riga an yi shi. Babu kuma wanda zai dawo daga baya ya ce ai mita arba'in ce ba talatin ba.

Sai dai littafin na tsufa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira ga kasuwa ta yanke darajarta a watan da ya biyo, kaya suka yi tashin gwauron zabi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Ɗan kwangilar da aka ɗaure da tsohon farashi, ko ya gudu ko ya rage siminti ya ƙara yashi, kuma bango ba ya ɓoye hakan. Dole yarjejeniya ta faɗi lokacin da za a riƙa sabunta farashi. Haka batun biya: birkila da lebura kullum yamma suke karɓar nasu, don haka idan aka riƙe kuɗin aikin da aka gama, na gaba ba zai tashi ba.

Abin da ya fi damuna da shigo da wannan tsari ƙaramar hukuma shi ne a sassara babban gini gunduwa-gunduwa a kira shi gyara, don a kauce wa gasa a ba ɗan gida. Maganinsa a liƙa littafin farashin da kowace takardar aiki a allon sanarwa na sakatariya, yadda shugaban makaranta ko sarkin kasuwa zai karanta ya je ya gani da idonsa.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Da injiniyan ƙaramar hukumarmu zai nemi shawarata, zan ce masa: ranka ya daɗe, a fara da rufin firamare da magudanan ruwa, a kammala gasar kafin Disamba, don a yi gyaran tsakanin Janairu da Maris, lokacin da Legas ke samun sararin ruwa.