Daga Salaga Zuwa Wusasa: Kwana Tara a Hanyar Fataken Goro

Yau kwanmu shida da dawowa, amma har yanzu jar ƙurar hanya ba ta gama fita daga zannuwana ba. Shekara bakwai muka yi muna aikin bishara a wani ƙauye kusa da Salaga, a ƙasar Gwanja da ke arewacin Gana, ni da Malam maigidana. Da wa'adinmu ya cika aka turo waɗanda za su gaje mu, sai yaranmu suka dage mu sayar da motar, mu gangara Akara mu hau jirgi. Malam ya ce a'a. Ya ce hanyar da fataken Gwanja suka riƙa bi da jakuna, su yi watanni kafin su ga Kano, ita yake so ya gani da idonsa tun yana da sauran ƙarfi. Ni ma a raina ban so rabuwar ta zama ta awa biyu a sama ba.

Ranar Litinin tun da asuba matan zumunta suka cika tsakar gidan. Wata ta zo da doya, wata da man kaɗe a ƙwarya, wata tsohuwa da ba ta da komai ta kawo ƙwan zabi guda goma a cikin tsumma. Limamin unguwarmu, wanda shekara bakwai muna gaisawa ta kan katanga, ya tako da kansa da ƙullin goro. Ya ce, "Malam, ba a barin Salaga hannu rabbana. In kun isa a gaida mutanen Hausa." But ɗin mota ya cika, kujerar baya ta cika, sauran aka ɗaure a sama. Na yi kuka har muka fita gari.

Kafin mu fita ɗin na roƙi Malam ya tsaya a tsohuwar kasuwa. Nan goron da ake kawowa daga dazukan Asante yake haɗuwa da kanwa da tufafi da fatun ƙasar Hausa. Nan kuma aka sayar da mutane, kuma da yawansu ta hannun masu jin yarenmu. Rijiyoyin da aka riƙa yi wa bayi wanka suna nan har gobe. Yaƙin basasar 1892 ne ya tarwatsa kasuwar, 'yan kasuwa da malamai suka watse, cikinsu har da Alhaji Umaru, Bakanon nan mai waƙoƙi, wanda ya koma Kete-Karachi. Duk lokacin da na ji ana yabon hanyar fatake ba a ambaci wannan ba, sai in ji an rage gaskiya. Muka yi addu'a a wurin, muka kama hanya.

Mun bi ta Bimbila muka kwana a Yendi, garin Ya Na, sarkin Dagomba. Da safe na sha kokona na ƙarshe na Gana, mai yajin citta da kanumfari, da ƙosai. Can sunansa ma "Hausa koko", shinkafa da wake kuma "wace" suke ce mata, tuwo kuwa "tuwo zafi". Amma a gaskiya sun fi mu iya haɗa shinkafa da waken, saboda karan dawa da suke jefawa a tukunya ya ba ta launi, ga kuma baƙin yajinsu. Mai kokon ta faɗa mini kuɗin da tsohon lissafi, na dubbai, alhali tun 2007 aka datse wa sidi sifili huɗu. Wannan ɗabi'a ta ruɗa ni sosai a shekararmu ta farko, ranar kuwa sai na ji kamar kada ta daina.

Muka haye kogin Oti, muka wuce Zabzugu, muka isa iyaka a Tatale. Wanda zai yi irin wannan tafiya da motarsa ya riƙe abu huɗu a hannu: fasfo, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, inshorar Ecowas da ake kira kati mai ruwan ƙasa, da takardar izinin shigar da mota ta wucin gadi. Biza kam babu, yarjejeniyar 1979 ta ɗauke mana ita har kwana 90. 'Yan canjin da muka tarar a gindin bishiya duk Hausa suke ji. Da muka ba su ragowar sidinmu, da dala da jaka suka ƙirga mana sefa: dala sefa 5, jaka sefa 1,000. Malam ya ja ciniki har aka ƙara mana jaka ɗaya da rabi a kan abin da aka fara tayawa.

Togo ta wannan wajen siririya ce, mai sauri zai ratsa ta a yini guda. Duwatsu, gonaki a jikin tudu an yi musu matakala da dutse, sai babura. Mun kwana a Kara a wani masauki mai tsabta ƙwarai, jaka takwas, da ruwa a famfo da wutar da ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya har gari ya waye. Na kwanta ina lissafin abin da za a caje mu a gida a ɗaki irin wannan, a kuma ƙara mana da kuɗin man janareto. Abin ya dame ni, don ba arziki suka fi mu ba.

Laraba ta same mu a Ketawo, ranar da kasuwarsu ke ci. Ba na jin Faransanci ban da gaisuwa, amma da na tsaya gaban wata mai atamfa ina nuni da yatsa, sai ta dube ni ta ce, "Mama, ya yi kyau, ka saya." Irin Hausar zango ke nan, wadda ba ta raba mace da namiji, irin wadda na saba da ita a Salaga. Ta ce jaka tara, na ce biyar, muka daidaita a shida da rabi, ta kuma ɗora mini ɗankwali gyara. Ciniki a can babu tsawa babu harara. In ba ku daidaita ba sai a yi murmushi a ce sai wani jiƙon. Ina ma 'yan kasuwarmu za su ɗauki wannan.

Da muka shiga Jamhuriyar Benin sai agogon waya ya yi tsalle da awa ɗaya, don Gana da Togo suna bayanmu da awa guda, Benin kuwa lokacinta ɗaya da Najeriya. Malam ya ce to, ga gida ya fara tarar mu. Gefen titi duk manyan kwalabe ne cike da fetur, wanda akasarinsa daga ƙasarmu yake tsallakowa. Wani mai sayarwa ya ce mana tun da aka cire tallafi a Najeriya a 2023 kasuwarsu ba ta koma yadda take ba. Ga kuma manyan motocin auduga, an lafta musu kaya har sun karkace, farin ƙullin audugar yana bin iska yana maƙalewa a ciyawa kamar an yi shanya.

Saura kaɗan mu shiga Jugu motar ta fara hayaƙi. Lagireto ya fashe, kuma rana ta yi gora. Muna tsaye muna kallon juna sai ga wani saurayi a babur. Ya yi mana Faransanci ba mu gane ba, ya yi Dendi ba mu gane ba, da ya ji na ce wa Malam "yanzu ya za mu yi", sai ya ce, "Ashe Hausawa ne! Ku jira." Bai fi rabin awa ba ya dawo da bakanike da igiya, aka ja mu har ƙofar gidan kakansa.

Wannan dattijo shi ne abin da ya sa na zauna rubuta labarin nan. Alhaji ne mai kimanin shekara tamanin, yana zaune a kan buzu a zaure da carbi a hannu. Ya ce kakansa da ayari ya zo daga Kano, ya yi aure a nan, bai koma ba. Malam bai ɓoye masa komai ba. Tun kafin a kawo ruwa ya ce, "Baba, mu Kiristoci ne, aikin bishara muka gamo a Gwanja, za mu gida." Alhaji ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Na tambaye ka? Baƙonka annabinka. Gidan nan zango ne tun ban zo duniya ba, ba a taɓa tambayar mai shigowa alƙiblarsa kafin a ba shi ruwa ba." Ya ɗaga murya ya ce a shigar da 'yarsa wajen Hajiya. Ni ce 'yar.

Kwana biyu muka yi, don sai da aka aika wani gari aka samo kayan gyara. Hajiya ta ba ni gadonta ta koma tabarma, na yi magiya har na gaji ba ta saurare ni ba. An daka mana sakwara da miyar gyaɗa, aka soya wagashi a ciki, cukun Fulanin nan da suke rina bayansa ja da karan dawa. Bai yi kama da awara ba, ya fi ta tauri da garɗi, kuma ba ya narkewa a miya. Da na ce zan saya in kai gida, Hajiya ta tura jikarta da ni kasuwa, ta ce kada in buɗe baki. Yarinyar ta sayo mini manya huɗu a jaka biyu, bayan an fara ce mata dala ɗari da hamsin kowane ɗaya.

Da daddare Alhaji da Malam suka raba dare a zaure. Ina jiyo su daga ciki, daga labarin Annabi Yusufu sun koma na madugai, yadda madugu uban tafiya yake shugabantar ayari, jagaba yana duba hanya, uban dawaki yana biyan kuɗin fito a bakin kowane kogi. Sun yi musu a kan abin da suka saɓa, ba wanda ya sassauta, ba kuma wanda ya ɗaga murya. Da asuba Alhaji ya tafi masallaci, ya ce wa yara kada kowa ya leƙa ɗakin baƙi sai sun gama addu'arsu. Ranar tafiya Malam ya miƙa masa ambulan, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Malam, zango ba otal ba ne." Abin da kawai ya karɓa shi ne rabin goron limamin Salaga. Ya ɓare ɗaya, ya daɗe yana kallonsa kafin ya kai baki.

Ranar Juma'a muka bi ta Ndali zuwa Nikki, babban birnin Bargu. Mun tsaya a filin ƙofar fada, inda ake hawan Gani duk shekara da dawakai da kakaki, a watan da mu ma muke kira watan Gani. Garin nan ne Lugga, Baturen Ingila, da Faransawa suka yi tseren isa a 1894, kowa na neman sarki ya sa masa hannu a yarjejeniya, daga baya a 1898 suka raba Bargu biyu. Shi ya sa har yau gida ɗaya za ka ga wa yana Benin ƙane yana Najeriya.

Muka tsallaka ta Cikanda ina murna har ina waƙa. Murnar ba ta je ko'ina ba. Can gaba a daji, a wani shinge, wani mai kaki ya tsayar da mu. Bai amsa sallama ba. Malam, mai furfura, shi aka ce wa, "Kai, sauke kayan nan duka." Muka sauke, doya ɗaya-ɗaya, kwalayen littattafai, har tukwanena. Ya duba takardu bai ga aibu ba, sai ya ce doyar fatauci ce, sai mun biya. Malam ya ce in haraji ne a rubuta rasit zai biya. Ya ce babu rasit. Malam ya ce to shi ma babu kuɗi, ya jawo kwali ya zauna a inuwar mota. Awa uku muna nan, ƙwan tsohuwar nan huɗu suka fashe a wajen jidar kaya. Sai da wani babbansu ya iso, ya dubi Malam ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ku tafi." Ba kuɗin ne ya ƙona mini rai ba. Ƙasa uku muka ratsa, ko'ina Mama da Baba ake ce mana, sai a tamu aka ce wa mijina "kai". Malam ya ce in yafe masa, na kuma yafe, amma abin bai dace ba, kuma ba zan ce ya dace ba.

Daga nan hanya ta lalace, ramuka da ƙura har Kayama, kuma kowa ka tambaya sai ya ce kada ku yarda dare ya same ku a daji. Mun bi maganarsu. Lahadi muka yi sujada a Sabuwar Busa, garin da aka gina wa mutanen tsohuwar Busa da ruwan madatsar Kainji ya cinye garinsu a 1968. Karon farko cikin shekara bakwai na ji ikilisiya guda tana rera waƙa da Hausar gida, ban iya bin baiti na biyu ba don hawaye.

Litinin Mokwa, Bida, muka kwana a Suleja. Kuɗin abinci a hanya ya ba ni tsoro, kuɗin da na bari ana sayar da kwano guda, yanzu ba ya sayen abin kirki. Talata Kaduna, sai Zariya. Da la'asar muka hango dutsen Wusasa da tsohuwar majami'ar ƙasa ta 1929.

Surukata, mai shekara casa'in, tana zaune a ƙofar ɗaki. Malam ya durƙusa ya zuba mata ragowar goron a cinya. Ta shinshina ta ce, "Na Gwanja ne." Ƙwai shida da suka tsira na sa wa kazar maƙwabciyarmu ta kwanta a kansu. Jiya da daddare matan zumunta suka bugo daga Salaga, suna tambaya ko Mama ya sauka lafiya.