Maƙalar albasar da na janye da hannuna

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin biro in bar Yamai, bayan shekara shida a labon binciken da yawancinku kuka sani. Ƙannen da suka zo bayana sun ce in bar musu wani abu a rubuce. Na zauna da niyyar jero musu abubuwa da yawa, sai na tarar abu guda ne ya tsaya mini a maƙoshi, wato zancen maƙalar albasa.

Shekara biyu a jere, daga Afrilu zuwa Satumba, ina tsakanin Galmi da Madawa saboda wannan aiki. Wanda ya san yankin ya san matsalar. Ana cire albasa da rani, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira damina ta yi nisa kuɗi ya hau. Tambayata ita ce nawa ke lalacewa a cikin rudun kafin ranar sayarwa. Manoma suka buɗe mini rudunansu ina awo duk sati biyu, ba su karɓi ko dala ba. Wani dattijo kullum zan tafi sai ya ce, "Ɗana, in ka gano abin da ke cinye mana albasa, ka dawo ka faɗa mana."

Na rubuta maƙalar, sunana a gaba, na maigidan labo a ƙarshe kamar yadda aka saba, muka tura wa wata mujalla mai mutunci da ke buga bincike kan adana amfanin gona. Wata biyar tana hannun masu tantancewa. Ran nan Malam, wato maigidan labon, ya kira ni ofis.

"Har yanzu shiru?"

"Shiru, Malam. Amma edita ya ce mutum ɗaya ya maido da rahotonsa, saura ɗaya."

"Janye ta. Akwai mujallar da ke bugawa cikin sati biyu."

"Ranka ya daɗe, da mun ƙara haƙuri ko na wata ɗaya ne."

"Kai yaro, ni na nemo kuɗin aikin nan ko kai?"

Kowa a labo ya san dalili. Malam yana haɗa dosiyensa na neman ƙarin girma a CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, lokacin miƙawa ya matso, kuma maƙala ɗaya ta rage masa. Ban ga laifin CAMES ba a nan. Tun 1968 take aikinta, daga mazauninta a Wagadugu, kwamitocinta na zama a watan Yuli, kowa ya san ranakun tun da wuri. Wanda bai shirya ba shi ya so.

Amma hannuna ne ya rubuta wasiƙar. Layi biyu na aika wa edita, na ce muna son ƙara sababbin bayanai, alhali ƙarya ce. A daren nan kuma na tura maƙalar ga ɗaya mujallar, na danna gurbin da ke cewa wannan aiki ba ya hannun wata mujalla. A zatona da zarar ka aika saƙon janyewa, magana ta ƙare. Ashe maƙala na nan a hannun mujalla har sai edita ya rubuto maka cewa ya sake ta. Kafin nan, in ka kai ta wani wuri, ka aurar da ƴa ɗaya ga maza biyu.

Bayan kwana huɗu amsar edita ta iso, da rahotanni biyun a manne. Ashe na biyun ya shigo washegarin wasiƙata. Shafi huɗu wannan bawan Allah ya rubuta, mutumin da ban san sunansa ba kuma ba zan taɓa sani ba. Ya lura da abin da ni da Malam ba mu gani ba: na haɗa nauyin da albasa ke rasawa don ta bushe da wanda take rasawa don ruɓa da tsiro, na kira su duka asara. Albasar da ta ɗan motse ai tana sayuwa. Ke nan lissafina ya ɗora wa rudu laifin da ya wuce nasa. Na karanta sau uku, zufa na keto mini, don gaskiyarsa ce tsantsa.

Editan bai zage ni ba, kuma hakan ya fi mini ciwo. Ya tuna mini cewa masu tantancewa ba a biyan su, cewa ya daɗe yana roƙon mutane kafin waɗannan biyu su amsa, ya ce in muna so mu gyara mu dawo ƙofa a buɗe take. Na ruga da takardun wurin Malam. Ko shafin farko bai gama ba ya ture su. "An riga an biya waɗancan," in ji shi. Jika ɗari da hamsin daga kuɗin aiki. Kwana goma sha biyu suka buga ta, ko waƙafi ba su taɓa ba, kuskuren na zaune a tsakiyarta.

Mujallu kan rubuta ranar da suka karɓi maƙala a shafin farko. Editan mujallar farko ya gani, ya gwada da ranar wasiƙarsa, ya rubuto wa shugabanninmu. A taron da aka yi, ina zaune, Malam ya ce, "Yaron ne ya yi gaggawa, ni ban san da zancen ba." Babu wanda ya buɗe baki, har waɗanda suka ji muryarsa ta bango ranar da ya ba ni umarni. Na gaishe shi da safe kowace rana bayan haka, shekara uku, amma ban sake sa sunansa a aikina ba.

Kada ku fahimce ni a karkace, janye maƙala haƙƙin marubuci ne. In ka gano kuskure babba, ko rigima ta tashi kan sunaye, ko mujalla ta yi watanni ba ta amsa saƙo, ka janye. Ƙungiyar COPE, da aka kafa a Ingila a 1997 don ladubban buga bincike, tana da bayanai a intanet da ya kamata kowannenku ya karanta tun kafin maƙalarsa ta farko. Ka faɗi dalilinka na gaskiya. Duk mai suna a kan maƙalar ya amince a rubuce, musamman babba, don maganar ofis iska ce ke ɗauke ta. Sannan ka jira amsar edita.

Su kuwa mujallun kuɗi-hannu, shiga wurinsu ba wuya, fita ce aiki. Na rubuta musu sau biyar ina neman gyara, ba amsa. Jerin sunayensu da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya tattara an rufe shi a Janairun 2017, amma mujallar da ta yi maka alkawarin bugu cikin sati biyu ta riga ta faɗa maka ko ita wace ce.

Saura ƙanana ne: ajiye kwafin kowane imel, kada ka bar littafin awonka a kwamfuta ɗaya, ka rinƙa gaishe da direbobi da masu gadi.

Da na zo haɗa nawa dosiyen, ban sa maƙalar albasa a ciki ba, ko da yake hakan ya ja mini jiran shekara guda. Na sake lissafin daga littafin awona, bisa shawarar mai shafi huɗun nan, na raba bushewa daban, ruɓa daban, tsiro daban. Bara wata mujalla ta ba ni maƙalar wani in tantance. Dare uku na yi a kanta, ina gab da gamawa saƙo ya zo cewa marubutan sun janye. Na ƙarasa rahoton duk da haka, na roƙi edita ya miƙa musu.

Sati mai zuwa, kafin in kwashe kayana, zan hau motar Maraɗi in sauka Galmi da sabon lissafin. An ce mini dattijon yana nan da ransa, kuma bana ma ya cika rudunsa.